Tandun da Kawu Ya So Ya Tashi Sama

Shekarar da na dawo Garwa da takardar lisans, wato digiri na farko, a fannin kimiyyar fizik, ita ce shekarar da aka yanke wa Kawu ƙafar hagu. Ciwon suga ne ya fara da ɗan yatsa, aka yi ta ɗaurewa ana kwancewa, har likita ya ce ba abin da ya rage sai a cire daga ƙasan gwiwa. Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma a gidansa muka tashi tun rasuwar babanmu. Kafin ciwon, dillalin fata ne a mayanka. Da asuba yake fita, ya sayi ƙiraga a hannun mahauta, a zuba musu gishiri, a loda a mota zuwa Mora, daga can su tsallaka iyaka. Mutum ne mai murya. Idan yana ciniki a wannan kusurwa ta mayanka, ana jin sa a waccan.

Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Makonnin farko abokan sana'arsa sun yi ta zuwa gaisuwa, ya amsa musu da kalma ɗaya ko biyu, su tashi. A hankali suka rage zuwa, har suka daina. An sayo masa sanduna, suna jingine da bango bai taɓa su ba. Inna, mahaifiyata, takan kai masa tuwo ta dawo da kwanon kusan yadda ta kai shi.

Ni kuwa ina koyarwa a wata lise, makarantar sakandare mai zaman kanta, a matsayin bakater, wato malamin da ba a ɗauka na dindindin ba, ina jiran lokacin konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati. Wata rana na dawo daga makaranta da azahar, ko jaka ban ajiye ba, Inna ta ce Kawu yana nema na. Na same shi a zaune a bakin gado, abin da na daɗe ban gani ba, da waya a hannu.

“Mesiye, zo ka fassara min wannan.”

Tun da na fara koyarwa yake kira na Mesiye, yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, rabi wasa rabi alfahari. Wani tsohon abokin cinikinsa na Kuseri ne ya turo masa bidiyo. Zane ne irin na kwamfuta: wani ƙaton jirgi mai siffar kankana yana shawagi a kan duwatsu, ɗauke da kaya a ƙarƙashinsa, wata murya tana bayani da Faransanci. Muryar ta ce wannan jirgi ba ya buƙatar mai don ya tsaya a sama, ba ya buƙatar iskar gas, fanko ne kawai da aka zuƙe duk iskar da ke cikinsa.

Na fassara masa yadda na iya. Sannan na yi masa bayanin da nake yi wa ɗalibaina. Abu yana tasowa a cikin iska kamar yadda ƙwarya ke tasowa a kan ruwa: idan nauyinsa bai kai nauyin iskar da ya ture ba, sai ya hau. Balan-balan ɗin da masu duba yanayi ke saki a filin jirgi, iska ce mai sauƙi a cikinsa. To idan iska mai sauƙi tana ɗaga abu, wanda babu komai a cikinsa ya fi ta sauƙi. Har nan maganar bidiyon daidai take.

“To ina matsalar?”

Na ce matsalar ita ce iskar waje. Ba ma jin ta, amma tana danna komai ta kowane gefe, kuma dannawar ba ƙarama ba ce. Na yi ɗan lissafi a raina don in faɗa masa da abin da ya sani. Na ce kamar a tsayar da bijimai ashirin ko fiye a kan dardumar salla ɗaya.

Ya dube ni, ya dubi dardumarsa da ke rataye a ƙusa.

“To me ya sa ba su murƙushe mu ba?”

“Saboda akwai iska a cikinmu, Kawu, tana turawa ta ciki.”

“Kamar akuyar da aka hura kafin a feɗe ta.”

“Kusan haka.”

“Ban tambaye ka kusan ba. A taƙaice, zai yiwu ko ba zai yiwu ba?”

Na sha tuna amsar da na ba shi, kuma har yau ban ga kalmar da ba daidai ba a cikinta. Na ce a ƙa'ida babu abin da ya hana, amma a iya sanina ba a samu abin da za a ƙera fankon da shi ba. Dole ya yi ƙarfin da zai jure wa bijiman nan, kuma dole ya yi sauƙin da bai kai iskar da aka cire ba. Ƙarfe idan ya yi kauri ya yi nauyi, idan an sirantar da shi ya lotse. Na ƙara da cewa ɗaruruwan shekaru ke nan da wani malami a Turai ya fara kawo wannan tunani da ƙwallayen tagulla, kuma har yanzu ba wanda ya tashi.

“Sun gwada fata?”

“Ban ga inda aka rubuta ba.”

“Ba su gwada ba ke nan.”

A nan ne ya kamata mai karatu ya san tandu, don yaran yanzu ba duka suka san shi ba. Ɗan tulu ne na fata da ake zuba kwalli ko man shanu a ciki. Ana jiƙa ɗanyar fata, a kankare ta har ta yi laushi, a lulluɓa ta falle-falle a kan ƙirar yumɓu, a bar ta ta bushe. Idan ta bushe sai a farfasa yumɓun a zazzago shi ta baki. Abin da ya rage fanko ne mai tauri kamar ƙaho, mai sauƙi kamar ƙwarya, ba ɗinki ba haɗi. Kakana, mahaifin Kawu da Inna, sana'arsa ke nan, kuma Kawu ya koya a hannunsa kafin ya bar ta ya shiga dillanci.

Washegari da safe Kawu ya ce a fito da shi tsakar gida. Ya aika a samo masa yumɓu daga bakin kogin Binuwai da fatar wuyan sa daga mayanka. Da rana ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Inna ta shigo kicin tana share ido da bakin zane, ta ce min Allah ya yi min albarka, kamar ni na yi wani abu.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Na ɗauko tsofaffin littattafaina na jami'a na yi lissafin, na sake yi, na sake yi ta wata hanya don kada in zama na yi kuskure. Abu ɗaya na rasa: babu littafin da ya ba da ƙarfin busasshiyar fatar sa. Amma ko ba shi amsar a fili take, domin an riga an nuna cewa ko da daimon aka ƙera irin wannan ƙwallo, in dai bango ɗaya ne kawai, zai lotse kafin ya yi sauƙin tashi. Na je na faɗa wa Kawu haka. Yana zaune a kan tabarma, hannuwansa cikin kwatarniyar da fatar ke jiƙe.

“Daimon dutse ne,” in ji shi. “Dutse yana fashewa. Ka taɓa ganin ƙirgi ya fashe?”

“Ba fashewa ba ce matsalar, Kawu, lotsewa ce.”

“Bari in tambaye ka tsakaninka da Allah. Duk duniya babu wani mai ilimi da ya ce abin nan zai yiwu?”

Da bai ce tsakanina da Allah ba, wataƙila da na taƙaita. Amma ya ce. Sai na gaya masa cewa akwai masu bincike da suka rubuta cewa idan aka yi bangon kamar saƙar zuma, da wasu kayayyaki na musamman da ba mu da su a nan, a kan takarda yana iya yiwuwa, sai dai ban ji an taɓa tashin ko ɗaya ba. Ya gyaɗa kai tun ina rabin farko na maganar. Rabin na biyu ina jin a kwatarniya ya faɗa.

Tandun farko bai wuce girman tulun ruwa ba, kuma ya yi masa bango mai kauri. Don zuƙe iskar sai na je wurin mai gyaran firigo na layinmu, wani mutumin duwatsun wajen Mora da ya daɗe a unguwar, na aro injin wani mataccen firigo da ɗan tiyo. Shi ya kawo da kansa don ya ga abin da za a yi. Ya gaida Kawu da Fulatanci, ya juya Hausa, ya saurari bayanin har ƙarshe.

“Alhaji, ni dai injina ya dawo min da rai,” in ji shi.

Muka toshe bakin tandun da kakin zuma a kewayen tiyon, na kunna. Injin ya yi ta gurnani. Na ja da baya ina jiran in ji ya lotse. Bai lotse ba. Sautin injin ya sauya, alamar ba sauran iska mai yawa a ciki, tandun yana nan zaune a kan tabarma kamar ba abin da ya same shi.

“Mesiye, ina bijiman naka? Ko sun tafi kiwo?”

Mai gyaran firigo ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce bijiman suna nan, kaurin ne ya jure musu, kuma kaurin nan shi ne zai hana shi tashi. Na ɗauko tsohon ma'aunin Kawu na rataye, na auna tandun yana fanko, na buɗe masa iska ta koma, na sake aunawa. Allurar ko motsi ba ta yi ba. Iskar da muka sha wahalar cirewa, nauyinta bai fi na goro guda ba, tandun kuwa ya kai nauyin cinyar akuya.

Na ɗauka a nan maganar za ta ƙare. Kawu ya karɓi tandun ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa da farce.

“Ƙarami ne shi ya sa. Kai da bakinka ka ce idan ya fi girma iskar da za a cire ta fi yawa.”

Na faɗi haka, kuma gaskiya ne. Na tsuguna na zana masa a ƙasa da tsinke. Idan ka ninka faɗin tandu sau biyu, iskar cikinsa ta ninku sau takwas. Amma fatar da za ta rufe shi ta ninku sau huɗu, kuma dole ka ninka kaurinta sau biyu don kada ta lotse, ka ga ita ma takwas. Duk girman da ka kai, a wuri ɗaya kake tsaye. Wannan shi ne gaba ɗayan maganar, kuma ina ganin ban taɓa bayyana ta sarai kamar ranar ba, ko a aji.

Ya bari na gama, sannan ya ce, “Wannan lissafi ne. Fata ba ta je lakwal ta yi boko ba. Akwai yadda ake kankare ta ta yi siriri kuma ta fi mai kauri tauri. Babanmu yana yi. Kai ba ka gani ba, ba a haife ka ba.”

Na share zanen da tafin hannu.

Kawu ya fara babban tandun. Aka gina masa ƙirar yumɓu a kan kwando da ciyawa, tsayinta ya kai ƙuguna. A lokacin ne ya fara amfani da sandunan, don ba zai iya zagaya ƙirar yana zaune ba. Ana cikin zafin bazara, Binuwai ta janye ta bar yashi, rana tana dukan kwanon rufi tun hantsi, amma yana nan tsaye da sanda ɗaya a hammata yana shafa fata da tafin hannu. Gidan duk ya ɗauki warin jiƙaƙƙiyar fata. Inna ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Da a tsakar gida abin ya tsaya, da na yi shiru na bar shi. Sai wata rana wani tsohon mahauci ya zo. Abokin wasan Kawu ne tun suna samari, kuma ban taɓa jin sun gaisa ba tare da zagi ba. Mu Baba muke ce masa. Ya yi sallama ya shigo ya tarar da Kawu da laka har gwiwar hannu.

“Gurgu, ashe tukwane ka koma ginawa? Da ka faɗa min da na aiko matata ta koya maka.”

“Kai da ka ƙare rayuwarka kana wanke hanji, me ka sani? Jirgi nake ƙerawa.”

“Na ruwa?”

“Na sama. Tambayi Mesiye, ga shi nan. A ƙa'ida ba abin da ya hana. Ko ba haka ka ce ba?”

Na ce haka na ce, amma. Ba wanda ya jira abin da ke bayan amma ɗin. Kawu ya ce wa Baba ya zo ranar Juma'ar da tandun zai bushe, bayan la'asar, ya zo da duk wanda yake so, su ga abin da kan akuya irin nasa ba zai ɗauka ba. Ya ce in wannan ya tashi, na gaba zai ɗauki ƙiraga ya tsallake hanyar Mora gaba ɗaya, da ramukanta da shingayenta da fargabarta. Kafin kwana biyu labari ya zagaye mayanka. Na je sayen nama, mai yanka min ya ce, “Injiniya, a ajiye min kujera kusa da taga.”

Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Waɗannan mutane ne da suka san Kawu yana da ƙafa biyu da murya, waɗanda idan ya sa farashi ba a ja da shi. Za su zo su zauna a ƙofar gidansa su ga ƙatuwar fata ta lotse, ko ta zauna a ƙasa kamar turmi. Mahauta ba su iya ɓoye dariya ba, kuma ba sa manta abin dariya. Na san idan suka yi masa ita, ɗakin nan zai koma, kuma wannan karon ban ga abin da zai sake fito da shi ba.

Na fara zuwa wurin Inna. Na same ta tana tsince shinkafa.

“Inna, abin nan ba zai tashi ba.”

“Yi istigfari. Wa ya ba ka sanin gobe?”

“Ba sanin gobe ba ne, nauyi ne. Ya fi iskar nauyi nesa ba kusa ba.”

“Ka ga yadda yake cin abinci? Jiya da kansa ya je bayan gida ba wanda ya riƙe shi. Kai kuma ka zo min da nauyi. Idan Allah ya so ya tashi zai tashi.”

“To ki ce masa kada ya tara mutane.”

“Yayana ne. Kai da ka yi karatu ka faɗa masa.”

Na kwana biyu ina shirya maganar. Na cire mata duk wani wataƙila, duk wani a iya sanina, abin da ba ya zo min da sauƙi. Ranar Laraba da yamma na same shi yana zazzage ragowar yumɓu ta bakin tandun. Na tsuguna.

“Kawu, wannan tandun ba zai tashi ba. Zai lotse.”

Bai ɗago ba. “Na farkon ma haka ka ce.”

“Na farkon yana da kauri. Wannan ba shi da shi.”

“Da ka ce kauri ne ya hana. Yanzu na cire kauri ka ce rashin kauri ne zai hana. Wace magana zan riƙe?”

“Duka biyun, Kawu. Abin da nake ta faɗa ke nan.”

“Mutum ba ya riƙe magana biyu. Kuma ka daina cewa ba zai yi ba kamar kai ne ke tashi da saukarwa. Ba haka muka rene ka ba.”

Na roƙe shi aƙalla mu gwada mu biyu kafin Juma'a. Ya ƙi. Ya ce idan ya tashi muna mu biyu, igiya ta tsinke ya tafi, wa zai yi shaida? Kuma in ya nufi filin jirgi sojoji su harbo shi, su biyo sawu har gida, me za mu ce? Wannan ne ya fi damun sa. Ya sa aka samo masa igiyar da ake ɗaure sa da ita a mayanka.

Ranar Juma'a aka fito da tandun ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya. Dole in faɗi cewa yana da kyau. Ya sirantar da fatar har hasken yamma yana ratsa ta, ta yi launin zuma, kuma ya yi mata zane da jan karan dafi a kewayen baki irin na kakana. Aka ɗaure igiyar a wuyansa, ɗaya bakin a jikin bishiya. Mutane sun zo fiye da yadda na zata, mahauta da dillalan shanu, wasu da warin mayanka a rigunansu. Aka shimfiɗa tabarmi, aka ɗora shayi. Kawu ya sa babbar riga, ya zauna a kujera, ya lulluɓe dungun ƙafarsa da gefen rigar. Muryarsa ta dawo kamar da. Yana ta ba da umarni a matsa, kada igiya ta kwashe wa wani hula.

Na yi fatan a ɗauke wuta. A Garwa wannan ba babban fata ba ne, amma ranar ba a ɗauke ba.

Na liƙe tiyon, na duba kakin sau biyu, na ce bismillah, na kunna. Na ɗan lokaci ba abin da ya faru sai gurnanin injin. Wani ya ce ya ga ya motsa, aka ce masa iska ce ta kaɗa igiya. Sannan aka fara jin ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen ganye. Gefen da ke fuskantar titi ya shiga ciki kamar kuncin tsoho. Kafin in kai hannu in kashe injin, sai ya ba da wani sauti mai kauri, gaba ɗayansa ya naɗe ya kwanta a kan tabarma. Ina jin ko kashi ɗaya cikin goma na iskar ba mu cire ba.

Daga baya can na ji wani ya fara dariya ta hanci yana ƙoƙarin danne ta, wani ya kama. Ban iya duban fuskar Kawu ba, hannunsa na duba. Ya damƙe gefen rigar da ke kan dungun.

Sai Baba ya miƙe. Ya zagaya fatar a hankali, ya tsuguna, ya danna ta da babban yatsa, ya ɗaga gefe ya leƙa. Ya juyo.

“Wa ya riƙe injin nan?”

“Ni ne, Baba.”

“Haka aka koya maka a jami'ar? Ka saki inji gaba ɗaya kamar mai ɗura wa babur mai? Mu idan za mu hura rago, sai mu hura kaɗan, mu bubbuga fatar, mu huta, mu sake hurawa. Fata ba ta son gaggawa. Aiki ne mai kyau yaron nan ya lalata.”

Nan take wurin ya ɗauka. Kowa a cikinsu ya taɓa ganin sabon yaro ya ɓata fata da gaggawa, kowa yana da labarinsa. Dariyar da ta taso ta samu inda za ta sauka. Wani ya ce hannun alli ne, bai san fata ba. Wani ya ce tun da ya ga yadda na tsuguna ya san za a yi ɓarna. Mai gyaran firigo kuwa yana gefe yana naɗe wayar injinsa.

“Ko ba haka ba ne, Mesiye?” in ji Baba. Ya tsaya a kaina, kuma ba dariya a idonsa.

Ba haka ba ne. Ko a hankali ko da sauri, iskar waje nauyinta ɗaya, kuma fatar za ta lotse a daidai inda ta lotse ko da wata guda aka ɗauka ana zuƙa. Wannan ba abin da nake shakka a kai ba ne. A duk tsawon wannan al'amari ba a taɓa yi min tambayar da na fi sanin amsarta ba. Na ɗaga kai na ga Kawu yana kallo na.

Na ce, “Mai yiwuwa na yi sauri.”

Ba su watse ba sai da aka kira magariba. Gardama ta kaure a kan wace fata ta fi. Wasu suka ce ta wuyan bijimi, wasu suka ce ta raƙumi ba ta da na biyu, wani dillali ya ce zai yi wa ɗan'uwansa na Kuseri waya a aiko da ita. Kawu yana tsakiya yana yanke hukunci, yana ce wa wannan bai san komai ba, yana ce wa wancan ya kawo magana. Aka amince gaba ɗaya cewa nan gaba da famfon keke za a zuƙa, a juya masa fatar cikinsa ya riƙa ja maimakon turawa, kuma Baba ne zai riƙe.

Bayan an yi salla na taimaka masa ya koma ciki. Muna tsakar gida mu biyu, ya zauna yana mayar da numfashi. Na ce, “Kawu, ka san ba hannuna ba ne.”

Ya jingine sandunan da bango. Sannan ya ce, “Juma'a mai zuwa za su dawo. Ka ce wa uwarka ta ƙara sukari a sayayya, ba nawa ba, na baƙi. Miƙo min buta.”

Sun dawo, kuma har yanzu suna dawowa. Fatar raƙumin ta iso, an yi tandu da ita, ya lotse a hannun Baba a hankali, aka ce damina ce ta sa fatar ta sha danshi. Ni an hana ni taɓa komai, sai dai in kawo tabarmi. Labarin ya kai makarantarmu ta bakin ɗan wani mahauci, kuma duk shekara idan na zo darasin nauyin iska, sai wani daga bayan aji ya ɗaga hannu ya tambaya ko gaskiya ne ni na fasa jirgin kawuna. Nakan ce ya buɗe littafinsa. Sannan in juya ga allo in zana musu ƙwallon, in nuna takwas ɗin ciki da takwas ɗin bango, su kwafe da kyau, don yana fitowa a jarrabawa.